Ranar da Na Fitar da Sanusi Daga Zaure

Kafin in lalace, mai cajin waya ne ni a bakin tashar Talata Mafara. Ina da 'yar rumfa ta kwano, da allon katako da na jera wa caja, da wani ƙaramin janareto mai tari kamar tsohon mashayin taba. Mahaifina manomin shinkafa ne, bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, kuma ya sa ni makarantar allo da ta boko daidai ƙarfinsa. Na faɗi wannan ne don kada wani yaro ya karanta ya ce ai talauci ne ya kai ni. Ina ci ina sha, har sabuwar shadda nake ɗinkawa da sallah. Abin da ya kai ni shi ne son a yi rigima ina gefe ina dariya, kuma tun ina ƙarami nake da wannan hali.

A lokacin, 'yan kabu-kabu na Mafara da Bakura da Maradun sun buɗe zauren hira a waya, abin da yara ke ce wa guruf. Ba don hira kaɗai aka buɗe shi ba. A nan ake faɗin hanyar da ke da kyau da wadda aka ga baƙin fuska a kanta. Idan kuma aka ɗauke wa wani mashin, sai ya saka hotonsa da lambarsa, kafin ɓarawo ya kai mararrabar Bakura idanu sun riga shi isa. Mashina da yawa sun dawo hannun masu su ta wannan hanya, har ɓarayi suka fara jin haushin wayar da ke aljihun kowane ɗan kabu-kabu.

Wanda aka ba riƙon zauren shi ne Malam Isiyaka, tsohon malamin firamare ɗan Bakura da ya yi ritaya ya zauna Mafara. 'Ya'yansa biyu suna kabu-kabu, kuma ba wanda ya taɓa jin ya ɗaga murya, shi ya sa aka zaɓe shi. Dokokinsa ba su da yawa. Ba a zagin iyaye, ba a kawo siyasa, ba a saka hoton gawa. Idan mutum ya fara tada hankali, Malam ba ya kunyata shi a gaban jama'a, sai ya kira shi a waya su yi magana su biyu. Idan abin ya ƙi, rigima ta watsu, sai ya kulle zauren daga sallah zuwa sallah, ba mai iya saka komai. In an fara bayan Azahar, sai an sallame La'asar a buɗe. Yakan ce wanda ya yi alwala ya tsaya a sahu ba zai dawo da zafin da ya tafi da shi ba. Kuma tunda aka buɗe zauren bai taɓa fitar da kowa ba.

Idon Malam ya yi rauni, waya kuma tana rikita shi, don haka ya naɗa ni mataimakinsa. Shi ke yanke shawara, ni ke danna maɓalli. Ranar da ya ba ni, a rumfata ya same ni, ya ce, "Ɗana, wanga abu amana ta, ba sarauta ba." Na ce, "Insha Allahu, Malam." A raina kuwa daɗi nake ji, don ban taɓa samun abin da zan kulle bakin mutane da yawa da shi ba.

Masu caji sun san akwai wayoyin da ake kawowa ba a dawowa ɗauka. Wani ya yi tafiya, wani ya manta, wani Allah kaɗai ya san abin da ya same shi. Ina da irinsu a cikin akwati, da layukansu. Wata rana kasuwa ta yi sanyi, na ɗauko ɗaya na saka mata data, na shigar da layin cikin zaure da sunan Ɗan Maradun. Na san inda ke yi wa mutanenmu ƙaiƙayi. Na Bakura na cewa na Mafara ke tare musu ruwan kanal, na Maradun na cewa dam a ƙasarsu yake amma wasu ke cin shinkafar. Sai na rubuta cewa mutanen Mafara ɓarayin ruwa ne tun kakanninsu, na koma na zauna ina kallo. Kafin in gama cin gyaɗar hannuna zaure ya kama da wuta. Malam ya kira ni ya ce a kulle, na kulle, ina dariya har da riƙe ciki.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Sanusi. Mutumin Gidan Goga ne, ya gudo da matarsa da 'ya'yansa bayan 'yan bindiga sun tashe su, ya kama hayar ɗaki a Mafara yana tuƙa mashin ɗin wani. Bai iya karatun boko ba, saƙon murya kawai yake turawa, dogo, yana haki yana rantsuwa. Mutum ne da zai ɗauki tsohuwa kyauta har ƙofar gidanta, amma kalma ɗaya ta isa ta tada shi. Duk abin da na jefa, da an karanta masa a tasha, shi ke fara cafewa. Na ƙara layi na biyu da na uku, ɗaya ɗan Bakura ɗaya ɗan Ruwan Gizo, ina haɗa su faɗa da junansu, Sanusi yana tsakiya yana ta kumfar baki a kan mutanen da babu su a duniya.

Da abin ya tsaya a nan da wataƙila sai dai a ce ni shaƙiyyi ne. Amma akwai wani mai sayar da tsofaffin kayan mashin a bayan kasuwa, Ɗanjumma, mutum mai yawan murmushi da ƙarancin magana. Ya kawo caji wata rana, ya tsaya a kaina ban sani ba, ina rubutu da waya biyu. Da na ɗago sai ya ce, "Ashe Ɗan Maradun nan shike zaune." Na fara kame-kame, ya ɗaga mini hannu.

"Ni ba ni hwaɗa ma kowa," in ji shi. "Tambaya guda gare ni. Ran Talata, in nac ce maka a kulle bayan Azahar, kana iya sa a kulle?"

Na ce ina iyawa. Bai gaya mini dalili ba, ni kuma ban tambaya ba. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, na sani. Ranar Talata ce kasuwar Mafara ke ci, mashina jere a bakin masallaci kamar awaki a turke, kuma daga Azahar zuwa La'asar ya isa mashin ya ɓace ko a kwance shi gunduwa-gunduwa. Ya tafi ya bar mini ƙunshin kuɗi a ƙarƙashin allon caji. Na daɗe ina kallonsa kafin in sa aljihu, amma na sa.

Haka muka shiga. Ba kowace Talata ba, don Ɗanjumma ba wawa ba ne. In ya wuce ta gaban rumfata ya taɓa hularsa, sai in saki 'yan layukana. Su zagi wannan su tsokani wancan, Sanusi ya hau, Malam ya gaji ya ce a kulle. Mai mashin ya fito daga masallaci ya ga wayam, ya ɗauko waya don ya yi shela, ya tarar zaure a rufe. Kafin ya nemo lambar Malam, kafin Malam ya nemo ni, ni kuma in ce ina sallah ko network ya ɗauke, mashin ya yi nisa. Akwai wanda ya zo ya zauna a bencina yana kuka, mashin ɗin bashi ne bai gama biya ba. Na ba shi ruwa, na ce Allah ya tona asirin azzalumi.

Mutanenmu ba su da saurin manta abu, kuma halin da ƙasar ke ciki ya koya wa kowa zargi. Aka fara lura cewa duk ranar da aka kulle zaure sai an rasa mashin. A tasha mutane suka daina ajiye waya a kan benci. In biyu suna magana na uku ya iso, sai a koma hirar farashin mai. Ni kaina na shiga zargin kowa. Duk wanda ya daɗe yana kallon akwatina sai in ga kamar ya gano ni, har uwar ɗakina mai fura na daina ba ta baya. Tsoro ya hana ni sakewa, kuma tsoron ne ya sa na nemi wanda zan jingina wa kayan.

Ban sha wahalar nema ba. Na sa Ɗan Maradun ya rubuta cewa jama'a su lura, wa ke tsakiyar kowace rigima? Na sa ɗan Ruwan Gizo ya amsa cewa baƙon da ya zo daga daji ba a san da wa yake waya ba. Ban rubuta kalmar da kaina ba, wasu suka ƙarasa mini. Infoma. Wanda bai zauna ƙasarmu ba ba zai san nauyin kalmar nan ba. Gara a ce maka ɓarawo, don ɓarawo ana kai shi ga hukuma. Wanda aka ce yana kai wa 'yan bindiga rahoto kuwa, sau da yawa ba a jira hukuma.

Zaure ya ɗauka gaba ɗaya, a fitar da Sanusi, a fitar da Sanusi. Malam ya zo rumfata da sandarsa, ya zauna. Na ce, "Malam, jama'a hwa sun matsa. A hidda shi a huta."

Ya girgiza kai. "Ba ka gane ba, ɗana. In munka hidda shi, mun yanke mai hukunci ke nan. Kowa zai ga an rubuta mai zaure ya hidda wane, sai su ce ai Malam ya bincika ya tabbatar. Abin da ya rage, tasha za a ƙarasa shi. Mai yawan hwaɗa daban, maci amana daban. Ka bar shi ciki, in ji ta bakinai tukuna."

Na ce to. Amma maganarsa ta ƙara mini tsoro, don na gane idan Malam ya zauna da Sanusi zai fara tambayar su waye waɗanda ke tsokanarsa.

Ranar wata Litinin ce. Tun da safe Sanusi ya samu fasinja zuwa Jangebe, wayarsa ta mutu, ya kawo mini ita caji ya wuce. Tana nan a kan allona, da igiyar roba ɗaure a bayanta don murfin ya fashe. Ana ta zaginsa a zaure ba shi da bakin ramawa, wasu har suna cewa shirunsa ma shaida ne. Na ɗauki wayata, na nemo sunansa, na danna. Abin bai kai ƙiftawar ido ba. Nan take saƙonni suka fara shigowa, ana sa wa Malam albarka don an ɗauka umarninsa ne, ana cewa gaskiya ta fito.

Da yamma Sanusi ya dawo, duk ya yi buɗu-buɗu. Ya karɓi wayarsa ya kunna, ya duba ya ga ba sabon saƙo. Rubutun da ke nuna an fitar da shi yana nan a gabansa, bai iya karantawa ba. Ya ce, "Mai caji, yau guruf shiru. Lahiya dai?" Na ce network ne. Ya yi dariya ya ce gara haka, ko kunnensa ya huta. Ya biya ni, har ya miƙo mini goro.

Washegari da safe ya shigo tasha da buhun albasa a bayan mashin, yana gaishe da mutane. Ba wanda ya amsa. Ban ga wanda ya fara ba, ihu kawai na ji, na leƙo na hango mutane sun yi da'ira. Yana ta tambayar me ya yi, ba mai gaya masa. Da faifan taya aka buge shi, da sanda, da duk abin da hannu ya kai. Ina tsaye a rumfata da caja a hannu, ban je ba. Wasu dattawan kasuwa ne suka faɗa kansa suka rufe shi da jikinsu har 'yan sanda suka iso. Ya rayu, amma hannunsa na dama bai ƙara moruwa ba.

Daga asibiti Malam ya wuce wurina. Bai zauna ba wannan karon. Ya ce, "Mu biyu ad da ikon hidda mutum. Ni ban yi ba." Na ce na yi ne don jama'a su lafa, ban san abin zai kai haka ba. Har hawaye na matso. Ya kalle ni, ya kalli wayoyin da ke jere a allo, ya kalli akwatin da ke ƙarƙashin benci. Ya ce in cire kaina daga mataimaki a gabansa, na cire, ya juya ya tafi.

Abin da ya yi bayan nan ban zata ba. Bai kulle zaure ba, bai zargi kowa ba. Sai ya saka murya ya ce tunda an kai ga zubar da jini, kowa zai yi sallama kamar yadda ake yi in an shiga zauren gidan mutane. Kowa ya turo muryarsa, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu, sannan wani da ke ciki ya ce na san shi. Mutane suka fara, har abin ya zama hira, ana tuno kakanni ana tsokanar juna. Wannan ya ce ni wane ɗan wane na Maradun, wancan ya ce ai babanka ya taɓa sayar wa babana jaki gurgu. Layukana uku kuwa shiru. A hankali aka fara tambaya, ina Ɗan Maradun mai baki? Ina ɗan Ruwan Gizo? Wa ya taɓa ganinsu a suna ko a jana'iza?

Da na yi shiru da wataƙila na ƙara kwanaki. Amma mai laifi ba ya iya zama. Na ɗauko wayar ɗan Ruwan Gizo, na toshe hanci, na sa gefen riga a baki, na ƙirƙiro suna da na uba na tura. Wani mutumin Ruwan Gizo na gaske ya ce shi a can aka haife shi, bai san wannan gida ba, kusa da gidan wa yake? Kafin in samo amsa wani ya ce a sake sauraren muryar, a bar mai magana, a ji abin da ke bayansa. Janaretona ne yake tari. Babu ɗan kabu-kabun da bai san wannan tari ba, shekara da shekaru suna yi mini ba'a a kansa.

Na ga mutuwa da idona ranar nan. Jama'ar da suka taru a kan Sanusi su ne suka nufo rumfata, da sandunan da ba su gama hucewa ba. Malam Isiyaka ya riga su isowa. Tsoho ne, iska mai ƙarfi ma tana iya kada shi, amma ya tsaya a bakin rumfar ya gicciya sandarsa. Ya ce, "Kun yi guda, kun ga yadda ta ƙare. Wanga hukuma za a kai shi. Wanda ka son taɓa shi, shi hwara da ni." Mutumin da na ci amanarsa, na ɓata masa suna, shi ya tsare mini rai har motar 'yan sanda ta zo. Kunyar wannan ta fi mini ankwar da aka sa mini ciwo.

Aka buɗe akwati aka ga wayoyin. Na faɗi sunan Ɗanjumma tun kafin a matsa mini, aka je shagonsa aka tarar da tankuna da injuna da mutane suka shaida nasu. Alƙali ya ɗaure mu. A gidan yari na zauna da masu fashi da masu kisa, kuma da suka ji abin da ya kawo ni sai suka yi ta dariya, wai ɓarawon da bai taɓa hawa mashin ɗin sata ba. Ni ma da farko haka nake lallashin kaina, cewa ai hannuna bai ɗauki kayan kowa ba, bai bugi kowa ba. Zaman wuri ɗaya ya warkar da ni daga wannan ƙarya. Mahaifina bai zo ko sau ɗaya ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ina can ya rasu.

Da na fito, bayan na gaishe da mahaifiyata, Sanusi na fara nema. Na same shi a bakin hanyar Maradun yana sayar da fetur a kwalba. Da hannun hagu yake zubawa, na daman yana rataye a cikin riga. Na yi sallama na durƙusa. Ya dube ni, ya turo mini benci da ƙafa.

"Mai caji," ya ce, "an sako ka?"

Na ce an sako ni, na zo neman gafara. Na shirya ya zage ni, don na san bakinsa. Bai zage ni ba, kuma muryar nan mai ƙarfi duk ta tafi.

"Hannu na yahe maka," in ji shi. "Ƙaddara ta. Amma ka san mi? Labarin an kama ka bai kai inda na hwarko ya kai ba. Nan Mafara an sani. Can ƙauyukka ba a sani ba. Ɗiyata in ta tai islamiyya, ɗiyar infoma aka ce mata. Bara na so in koma Gidan Goga in ga gonata, ɗan'uwana ya aiko kak in zo, akwai masu jirana. Wanga ba ni iya yahe maka shi, don bai ƙare ba."

Na tambaye shi me zan yi. Ya ce in faɗa. Duk inda na zauna, in faɗa da bakina.

Shi ya sa nake rubuta wannan, kuma nake faɗinsa a tasha da majalisa da duk inda aka ba ni wuri. Yanzu gonar mahaifina nake nomawa, wayata kuwa 'yar ƙarama ce mai maɓalli, ta kira kawai.

Ku samari masu waya a hannu, ku ji daga wanda ya gani. Kada ka shiga zaure da sunan da ba naka ba, ko da wasa, don nawa ma da wasa ya fara. In ka ga ana rigima, kada ka tsaya ga mai ihu, ka nemi wanda ya kunna ta ya yi shiru, ka tambaya wa ya san shi. In an ba ka riƙon zaure, ka kira mutum gefe kafin ka kunyata shi, kada kuma ka fitar da kowa a kan zargi alhali bai ji abin da ake faɗa a kansa ba, don a ƙasarmu wannan dannawar hukunci ce. Na tuba ga Allah, kuma ina fatan ya karɓa. Amma akwai abin da tubana ba zai iya kaiwa ba sai da taimakonku. In kun je Maradun ko Gidan Goga ko wani ƙauye, kuka ji an ce Sanusi ɗan kabu-kabu infoma ne, ku ce ba shi ba ne. Ku ce mai cajin bakin tashar Mafara ne ya yi, kuma shi da kansa ya faɗa.